Hoton Baba a Bakin Zaure

Kyamarar ba tawa ba ce. Ta malamarmu ta zane ce, aro ta ba ni ina aji biyu na babbar sakandare. Baƙa ce mai nauyi, fatar jikinta ta fara ɗagowa ta gefe guda, in ka kai ta hanci kuma sai ka ji warin tsohuwar adaka. A farkon shekarar Malama ta kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto. 'Yan mata suka cika aji, don sun zaci da waya za a riƙa yi. Da suka ji ba a ganin hoton nan take, sai fim ya ƙare an wanke shi, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ni na zauna. Ba wai son hoto nake yi ba a lokacin. Na zauna ne don a ɗakin duhu ba mai kallon fuskata, ba kuma mai ce mini in ɗaga murya.

Ɗakin duhun wani tsohon sito ne a bayan ofishin malamai. A Samaru Malama ta koyi aikin, ƙaninta kuma ke aiko mata da fim da magunguna daga Legas. Kafin ta bar mu mu taɓa fim na gaske, sai da ta ba mu wani matacce muka yi ta gwaji da shi ido a rufe. Aikin ba shi da wuyar faɗa. A cikin duhu za ka jawo fim daga ɗan gidansa na ƙarfe, ka naɗa shi a jikin wani faifan roba, ka jefa faifan cikin baƙin gwangwani ka rufe. Da ka rufe shi ke nan, kana iya kunna fitila. Saura duk zuba magani ne ta bakin gwangwanin, da girgizawa, da ɗauraya.

"Amma tsakanin gidansa da gwangwani," in ji Malama, "ko hasken ashana ya gani, ya tafi. Ba ya jin roƙo. Idonki ba shi da aiki a nan, bar wa yatsunki."

Yatsuna sun fi na kowa saurin koyo. Na san inda na gado su.

Gidanmu a Kusfa yake. Baba ɗinkin hannu yake yi, aikin babbar riga. Tun da na yi wayo a zaure na san shi, zaune a kan buzu, riga shimfiɗe a gwiwa, guntun zare a leɓe. Inda yake jingina a bango har ya yi santsi ya yi duhu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Kaka kuwa, mahaifiyar tasa, da ke zaune tare da mu, takwara take ce mini. Umma, da yake ni ce ta fari, "ke" kawai take cewa, ni kuma in san da ni take.

Baba ba ya hoto. Bai taɓa ce wa kowa haramun ne ba, bai kuma hana ni shiga ƙungiyar Malama ba. Shi dai da an ɗaga waya a wurin biki ko suna, sai a neme shi a rasa. 'Yan'uwa sun sani, sun daina gwadawa. Hotonsa guda da ke gidan shi ne na jikin katin shaida, ɗan mitsitsi, ya haɗe rai kamar an kama shi da laifi. Katin ma ya sha wanki a aljihu har fuskar ta koma kamar tabon shayi.

Wata Asabar da hantsi, a farkon damina, na fito da kyamara zan je wajen Ƙofar Doka in ɗauki ganuwa. Na riga na cinye kusan rabin fim ɗin a kan kaji da igiyar shanya da inuwar darbejiya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya juya ta, ya duba bayanta yana neman gilashin da ake ganin hoto, bai samu ba.

"To ina waɗanda kika ɗauka? Mu gani."

"Ba a gani, Baba. Sai an wanke."

"Yau?"

"Sai fim ya ƙare."

Ya daɗe yana kallon ta. "Ashe akwai mai kunya a cikinsu," ya ce. "Ta gani, ta yi shiru da bakinta. Wannan 'yar gidanmu ce." Ya miƙo mini ita, ya gyara zaman hularsa. "Ɗauki ɗaya, Uwata, tun ban sake shawara ba. Kada ki gaya wa uwarki, sai ta ce na lalace da tsufa."

Na ja da baya har dokin ƙofa. Hasken ya shigo ta bayana ya sauka a kumatunsa na hagu. A tsakiyar 'yar tagar leƙawa akwai wata da'ira mai raba abu biyu, sai ka murɗa bakin kyamara har sama da ƙasa su haɗu. Na ɗora ta a kan hancinsa. Na yi ta murɗawa, hancin ya ƙi haɗuwa.

"Ko sai allurar ta yi tsatsa a hannuna?" ya ce, ya fara dariya.

Yana cikin dariyar na danna.

Bai ga ƙarshen watan ba. Ina makaranta ya tashi zai shiga gida, ya faɗi a bakin zaure. Hawan jini, aka ce. Da aka zo aka ɗauko ni, abin da na fara gani takalma ne, jibge a ƙofar gida, na roba da na fata, wani ma wari guda a kife. Aka kai ni in yi masa addu'a, an riga an rufe fuskar. Wata gwaggona ta ce a buɗe mini. Na girgiza kai. Har yau ban san dalili ba.

Ban yi kuka ba. Ba daurewa na yi ba, babu shi ne kawai. Na zauna cikin mata ina kallon abubuwa. Na ga wadda ta zo da mayafi a bai-bai. Na ga tururuwa na jan ƙwayar gero a gefen tabarma. Ana ce mini "ya haƙuri," ina cewa "da godiya," kamar ana kiran suna a aji. In an ba ni abinci in ci. Na ji wata maƙwabciya na ce wa Kaka, "Hajiya, ku sa ido a kan yarinyar nan. Wanda bai yi kuka ba, abin ciki yake komawa."

Bayan an watse, 'yan'uwa suka shiga duba wayoyinsu ko akwai shi. Wani ɗan baffana ya samo bidiyon wani ɗaurin aure inda aka ga ƙeyarsa da gefen hula yana fita daga taro. Shi ke nan. Ina zaune ina jin su, kyamarar na rataye a ƙusa a ɗakinmu.

Sai fuskar ta fara kuɓuce mini. Da wuri ta fara, abin ya ba ni mamaki. Ina iya tuno kunnensa. Ina iya tuno layin da hula ta yi masa a goshi, da haƙorinsa guda da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa. Amma in na ce in haɗa su wuri ɗaya, sai su ƙi, kamar hancin nan a cikin da'ira. Nakan kwanta in yi ta gwadawa har barci ya ɗauke ni. Ban damu sosai ba. Nakan ce wa kaina ai tana nan cikin kyamara, a naɗe, ba abin da zai same ta.

Da Malama ta zo gaisuwa, na raka ta zaure na gaya mata. Ita ce ta farko da ta sani.

"Ba sai kin ƙare fim ɗin ba," ta ce. "Ki naɗe shi baya, ki kawo mu wanke. Fim ba ya son zafi, ba ya son laima."

Na ce to. Amma ban naɗe ba. Abin da na yi, na riƙa ɗaukar sauran a hankali, yau ɗaya, bayan kwana biyu wani. Takalmansa a bayan ƙofa, duddugen dama ya fi cinyewa. Butarsa. Duhun nan na jikin bango inda yake jingina. Rigar da bai gama ba, allura soke a inda ya tsaya, zaren na lilo. Ƙafafun Umma a kan tabarma, ba lalle, don ta shiga takaba. Ban ji komai ba ina ɗauka. Ina duba haske, ina haɗa da'ira, ina dannawa. Ran nan na ja 'yar sandar da ake ja bayan kowane hoto, ta ƙi tafiya. Fim ya ƙare.

A ranar na gaya wa Umma. Tana zaune a ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

"Ya yarda?"

"Shi ya ce in ɗauka."

"Ni tun ina amarya nake roƙon mutumin nan." Ta ture wani ɗan tsakuwa gefe da farce. "Yana dariya, kika ce?"

"Yana dariya."

"Ki wanke mini."

An riga an ba da dogon hutu. Malama ta ce in jira a koma, ko in zo gidanta mu yi tare. Na ce ina so in yi ni kaɗai. Ba na son kowa ya riga ni ganin fuskar, ko da ita ce. Ta dube ni, sannan ta haɗa mini gwangwani da faifai da kwalabe biyu a cikin jaka. Ta ce in sa kwalaben su kwana a gindin randa, sanyin ruwan randa ya yi daidai da abin da maganin ke so.

A can ƙuryar gidanmu akwai wani ɗakin ƙasa marar taga, na kakanmu ne tun da can. Buhunan wofi ne a ciki, da tsohuwar tukunyar rini, da ƙafar wani keke. Nan na zaɓa. Na share, na cusa tsumma a duk inda na ga huda, na rataya bargon Baba a bakin ƙofa ta ciki. Ƙofar ba ta da sakata. Malama ta koya mana yadda ake gwada duhu: ka shiga ka zauna shiru har idonka ya saba, in ka iya ganin tafin hannunka, ɗakin bai yi ba. Haka na riƙa yi. In shiga, in ja ƙofa, in zauna. In na hango wani ɗan zaren haske in toshe, washegari in sake zama. Gaskiya ko bayan na daina ganin hannuna na ci gaba da shiga. A nan ne kawai ba wanda ke jiran in yi kuka.

Kaka tana kallo daga kan tabarmarta. Idonta ya yi yana, amma ba abin da ke wuce ta. Dama ba ta son ɗakin. Takan ce ɗakin da aka daɗe ba a kwana a ciki ba, ba ya zama haka nan, akwai masu shi.

"Takwara, me kike nema a ɗakin can?"

"Aikin makaranta ne, Kaka."

"Wace makaranta ce ke karatu a duhu? Ta jemagu?"

Na yi murmushi na wuce. Ita ba ta yi ba. Tun daga ranar ta fara ba ni rubutu in sha da safe, in na zo wucewa ta kamo kaina ta tofa mini addu'a. Ina sha, ina sunkuyar da kai. Ban yi mata bayani ba. Umma ma ba ta yi ba, don tana so sai hoton ya fito a kai mata shi haka nan, ta ga ɗanta.

Na sa ranar a bayan la'asar. An yi ruwa da rana, gari ya yi lumshi, ƙasa na tururi. Umma ta ce za ta zauna a tsakar gida ta tsare mini ƙofa. Na shiga, na jera kayan a kan tabarma yadda hannuna zai same su: gwangwani a dama, murfinsa kusa da shi, almakashi a gwiwata. Na saki bargo. Na yi bisimilla.

Farkon ya tafi daidai. Bakin fim ya kama faifan, na fara murzawa, yana shiga. Can sai ya tsaya. Malama ta taɓa gaya mana fim ba ya shiga faifai in akwai laima, ga hannuna ya jiƙe da gumi. Na goge a zani, na ja baya kaɗan, na sake turawa. Ya ƙi. Na buɗe faifan na fara daga farko. Ya sake tsayawa a wajen rabi. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi ba. Na ci gaba da gwadawa. A waje na ji sallamar mata, masu zuwa gaida mai takaba, na ji Umma ta amsa, na ji muryoyin sun shige ɗakinta. Na ji kaji na hawa kan katanga. Na ji lasifikar masallacin unguwa ta yi tarin nan da take yi kafin a kira salla. Ban san lokaci ya tafi haka ba.

Sai na ji jan silifa. Tafiyar Kaka ce, ƙafa ɗaya na jan ƙasa. Ƙamshin turaren wuta ya riga ta isowa.

"Kaka, kada ki buɗe," na ce.

Na faɗa. Da muryata na faɗa, wadda malamai ke cewa ba ta kai bencin gaba ba.

Ƙofa ta yi ƙara, bargo ya ɗaga. Kaskon garwashi a hannu ɗaya, tocila a ɗayan.

"A'uzu billahi! Takwara! Almuru ta yi, kina nan ke kaɗai? Da wa kike magana?"

Na dunƙule fim ɗin a cikina na kife a kai. Rabi na kan faifai, rabi na cikin gidansa, tsakiyar na hannuna. Ta haska fuskata. Ta haska bango, ta haska rufi, tana karanta ayoyi, tana zagaya kaskon a kaina. Sannan ta sauke hasken a kan cinyata.

"Mene ne wannan kike ɓoyewa? Buɗe hannun in gani."

Umma ce ta shigo da gudu, mayafinta a ƙasa. Ban taɓa ganin ta kama hannun Kaka haka ba.

"Hajiya, fito. Don girman Allah fito. Kashe fitilar."

"In bar ta a nan? Yarinyar da ko hawaye ba ta yi wa ubanta ba? Ke ba ki ga abin da nake gani ba?"

"Na gani. Fito dai."

Bargo ya koma. Duhu ya dawo, amma ba irin na ɗazu ba, koren tabo na ta yawo a idona. Hayaƙin ya cika ɗakin. Na lalubo bakin fim, na tura. Wannan karon ya shige sumul, har ƙarshe, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Na yanke, na sa a gwangwani, na rufe. Na fito na yi alwala na yi magariba. Aka sa tuwo na ci. Kaka ta sa na kwana a ɗakinta, hannunta a kan kaina.

Da safe na zauna a gindin randa na zuba maganin farko. Na girgiza yadda aka koya mana, na buga gindin gwangwanin a ƙasa don kumfa ta tashi. Na zubar, na ɗauraye, na zuba na biyu. Umma na tsaye a ƙofar ɗakinta da tsintsiya, ba ta shara. Da na gama na buɗe, na warware fim ɗin, na ɗaga shi sama.

Rabin farko baƙi ƙirin, kamar an shafa masa gawayi. Kaji, igiyar shanya, darbejiya, babu ko ɗaya. Rabin ƙarshe, wanda ke cikin gidansa lokacin da Kaka ta shigo, ya fito tas. Ga takalma. Ga buta. Ga riga da allura, har zaren ana gani. A tsakaninsu akwai guda ɗaya da baƙin ya ci daga sama zuwa ƙirji, ya tsaya. Ina jin nan ne tafin hannuna ya rufe. A ƙasan akwai gwiwoyi biyu, da riga, da hannaye.

Umma ta matso. Ba ta iya karanta fim ba, fari baƙi ne, baƙi fari. Ta bi yatsana da ido.

"Ina fuskar?"

"Ta ƙone."

"Ba a iya gyarawa?"

"Ban sani ba. Sai na tambayi Malama."

Ta tsaya kaɗan. "To," ta ce. Ta fara shara daga inda take tsaye, ta share wurin da ta riga ta share. Da ta zo kusa da ni ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kada ki gaya mata."

Na maƙale fim ɗin a igiyar shanya, na sa masa abin maƙale kaya a ƙasa don kada ya nannaɗe. Ya yi ta juyawa tsakanin zanin Kaka da rigar makarantata. Kaka ta fito da carbinta.

"Takwara, aikin makarantar ya yi?"

"Ya yi, Kaka."

"To madalla. Amma ba a ɗakin can ba kuma."

Da aka koma makaranta na kai wa Malama. Ta ɗaga shi a taga ta daɗe tana dubawa, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba. Muka shiga sito, ta kunna jar fitilar da takardar hoto ba ta gani. Ta sa fim ɗin a injin da ke haska shi a kan takarda. Ta gwada dabarar da ta sani: ta kare ƙasan hoton da tafin hannunta, ta bar haske ya daɗe a saman, ko wani abu zai ratso. Muka sa a tire. Saman ya yi toka-toka, ba hanci, ba ido. Ta sake, ta ƙara lokaci. Toka ta ƙara duhu.

"Babu komai a wurin," ta ce. "Da akwai, da ya fito. Ki yi haƙuri."

"To a yi shi yadda yake."

Ni na sa takardar ƙarshe a cikin magani. Na riƙa ɗaga gefen tiren ruwan na kai da komo. Gwiwoyi suka fara fitowa, sai zanen aikin rigar, sai hannaye, a hankali, kamar mai tasowa daga ƙarƙashin ruwa. Abin da ya yi baƙi a fim fari yake fitowa a takarda. Daga ƙirji zuwa sama fari fat. Na san haka zai zama. Duk da haka na ci gaba da kallon wurin, ina girgiza tire, har Malama ta taɓa kafaɗata ta ce ya isa.

Na kai gida a tsakiyar littafin lissafi don kada ya lanƙwashe. Umma ta goge hannu a zani ta karɓa ta gefe-gefe. Babban yatsansa na dama ya danne allura, na hagu ya ɗago rigar daga ƙasa. Ana ganin kantar da ke gefen yatsansa na tsakiya. Ana ganin zoben azurfarsa da ya ɗan lotsa.

"Dubi farcen nan," in ji Umma. "Sai da na ce masa ya yanke."

Ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta na motsi. Ni ina tsaye ina kallon wani ƙuda a bakin kofi.

"Me kuke gani ba ku nuna mini ba?" Kaka ce a bakin ƙofa.

Umma ta dube ni. Na karɓa na miƙa mata. Ta kai shi dab da hancinta, ta ja baya, ta ce ɗakin ba haske. Ta laluba ƙugunta ta ciro tocilar. Gilashinta ya tsage, an ɗaure ta da robar taya. Ta kunna ta ɗora a kan takardar.

Ta daɗe.

"Wannan ai ɗana ne," ta ce. "Hannun ubansa ne sak. Yaushe ya yarda aka ɗauke shi, ja'iri?" Ta matsar da hasken sama, inda farin yake. Ta tsaya a nan. "Kun ga fuskarsa? Kun ga haske? Allahu akbar. Ko kallon ta ba a iya yi. Alhamdu lillahi. Allah ya sa haka kabarinsa yake."

"Amin," in ji Umma.

Na ce amin. Ina kallon tocilar.

Hoton yana wurin Kaka yanzu, cikin jakar da take ajiye carbi da turare. In baƙi suka zo takan fito da shi ta nuna musu farin. Wasu su ce Allahu akbar, wasu su dube ni, in sunkuyar da kai. Umma ta zaɓi na takalman, ta sa a ƙasan akwatinta. Ni fim ɗin na riƙe. Wani lokaci nakan ɗaga shi a rana in duba baƙin wurin ta gefe, ko zan ga wani abu da injin bai gani ba. Ba na gani.

Fuskar ba ta dawo ba. Kunnen na nan, da layin hula, da haƙorin. Abin da ya fi zama mini shi ne 'yar da'irar nan, da hanci a rabe biyu, yana shirin haɗuwa.

Ban daina hoto ba. Malama ta bar mini kyamarar har in gama makaranta. Na koma ɗakin ƙasa, don ba wani wuri mai duhu a gidan. Umma ta sa kafinta ya buga mini sakata ta ciki, ta kuma gaya wa Kaka cewa haske na ɓata aikin, ba ta ce ya taɓa ɓatawa ba. Kaka ta ce ita dai ba za ta bar ni ni kaɗai da masu ɗakin ba. Saboda haka duk ranar da zan shiga, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna a bakin ƙofa ta waje, ta ajiye tocilar a ɗakinta. Ina ciki ina jin ƙarar carbinta. In ta ji shirun ya yi yawa sai ta buga ƙofar da gwiwar hannu.

"Takwara, kina nan?"

Nakan tsaya da murza faifan, in ɗaga murya yadda za ta ji.

"Ina nan, Kaka."